Kada Ki Dama wa Iya Magani a Hura

Zuwaira ɗiyata, assalamu alaikum. Daga nan Cadakori nike gaishe ki. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kun sauka Gidan Rumji lahiya, ke da maigidanki Malam Isa, da 'yar taki Uwani, da Iya. Allah ya tsare ku a hanya, ya tsare ku a sabon gida, ya haɗa ku da maƙwabtan kirki. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san karatuna na lakol bai yi nisa ba, yadda zan faɗa miki da baki haka zan zuba shi. Da bakin ma na so in yi, to tun da anka fara ɗaurin kaya Iya ba ta matsa daga gindin turmi ba, kuma kunnen nan nata da take cewa ya mutu, in maganarta ake yi ko raɗa yana ji. Shi ya sa na ba Malam Isa na ce ya miƙa miki in kun isa.

Ba labarin gari zan ba ki ba. Magana ɗaya ce, maganin Iya. Kina nan majo, mai duba marasa lahiya a garinmu, ya ce ruwa ne ke taruwa a jikinta, ya fara daga ƙafa, in an ƙyale shi zai hau ƙirji ya tare numfashi. 'Yar farar ƙwayar nan ita ke sauke shi. In tana sha kullum da sahe, da yardar Allah za ta ga damina ta ga kaka. In ba ta sha, sai abin da Allah ya yi. Don ta zauna kusa da babbar likita, wato asibiti, munka ce ta bi ki.

Amma ni hankalina bai kwanta ba. Matar da tun rasuwar kakanki ba ta kwana wani ɗaki ba, wadda in an kira ta suna a Tibiri sai ta ce wa zai ba akuyarta dusa, ita ce anka ce ta bi ki ta ce to, har tana tambayar yaushe mota za ta zo. Na ce, "Iya, yau ke ce da son tahiya?" Ta ce, "Zuwaira yarinya ce mai kunya, ba ta leƙen bakin manya." To kin ji. Ba likita ta bi ba, ni ta guda. Uwata ce, ta haihe ni, ban ce ƙarya take ba, amma a kan magani kada ki yarda da ita ko ta rantse.

Da fari ni ma yarda na yi. In miƙa mata ƙwaya da moɗa in juya in koma wurin daka. Ta jefa a baki, ta kurɓi ruwa, ta ɗaga kai sama kamar kaza, ta ce alhamdu lillahi. Ni kuwa sai yawo nike ina gaya wa mutane Iya ba ta da wuyar magani. Ƙafa kullum ƙara cika take, har takalmi ya daina shiga. Na zagi majo a zuciyata, na zagi mutanen farmasi, na ce alli sunka sayar mana. Ranar da na ɗaga tabarmarta in shanya, sai na ga wani rami a gindin bango an toshe shi da tsumma. Na zare tsumman. Ga su nan farare, wasu sun narke sun manne da juna. Ashe a kumatu take ajewa, inda haƙora sunka zube akwai wuri, ina juya baya ta tofar.

Na kwaso na kai mata. Ko kunya babu. Ta ce, "Abin da bai kai ƙwayar wake ba shi zai yi faɗa da ciwon da ya kayar da ni? Ko ɗacin kirki ba shi da shi. Kuma in na sha, alwalata ba ta kai hantsi. Ke so kike mutuwa ta iske ni a tsugune?"

Ki riƙe maganar nan tata, don ita ce gaskiyarta. Tana raina ƙwayar, kuma tana jin kunyar hitsarin. Na koma wurin majo na ce ba a da wani iri, na ruwa ko na allura? Ya ce na allura sai in abu ya ɓaci an kwantar da mutum, a gida ƙwaya ce. Ya ce hitsarin shi ne aikin maganin, ruwan ƙafar ne ke hita. Na zo na gaya mata, ta ce shi majon ya sha ya gani in zai iya zaman makoki da shi.

Ga yadda na samu ta wuce, bayan na sha wuya. Da sahe, in ta gama lazimi. Ki fara ba ta ruwa ta jiƙa maƙoshi, don maƙoshin tsoho a bushe yake, kuma tana zaune sosai, ba a kishingiɗe ba. Sannan ƙwaya, sannan ruwa. Sannan ki zauna, kada ki tashi ko tukunya na ƙonewa. Kada ki ce mata buɗe baki. Ni na ce mata haka gaban Gwaggo Hajo maƙwabciyarmu, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata. Hira za ki ja ta da ita, irin wadda ba ta iya yin shiru a kai. Ki ce kin ji an ce tuwon mutanen Gazawa ya hi namu laushi. Za ta tashi da faɗa, mai ƙwaya a kumatu kuwa ba ya iya dogon faɗa, dole ya haɗiye. Goronta na sahe ki riƙe shi a ƙullin zanenki, sai bayan hirar ki ɓantara mata. Tana son ta ji ɗaci a baki ta san ta sha wani abu, to goron ya tsaya mata.

Kuma ki duba gidan nan da kunka kama. Malam Isa ya ce gidan haya ne, makewayi ɗaya, can kusa da zaure inda maza ke zama. Iya ba za ta yi ta ratsa gaban mazan mutane tana zuwa tana dawowa da buta ba, gara ta bar maganin. Ba za ta ce miki komai ba, sai dai ta nemi sabon rami. Ki sa a kewaye mata wuri da zana bayan ɗakinta, ko ki aje mata kasko a ciki ki riƙa zubarwa ba tare da kin yi magana ba. Ranar da za ta je suna ko gaisuwa, majo ya ce ana iya bari sai ta dawo in ba za ta yi yamma ba. Ki ƙara tambayar majon can, kada ki tsaya a kan maganata.

Yanzu babbar maganar. Na san kin sani, amma ba ki nan anka yi, ƙarshensa kika tarar. Bari ki ji daga farko.

Da na gano ramin nan, na ce ni ma ai na iya wayo. Na riƙa murƙushe ƙwayar da bayan ludayi in dama mata a cikin hura. Ban tambayi kowa ba. Ina ta jin daɗi, ƙwarya na dawowa a lashe. Abin da na manta shi ne abin da duk wanda ya tashi gidanmu ya sani: Iya ba ta shanye hura. Ba ta taɓa ba. Ta yi kurɓi kaɗan ta miƙa wa yaro sauran, ta ce ya sha albarka. Mu ta ba, ku ta ba, yanzu kuma Uwani, wadda ta ci sunanta, ta hi kowa samu. Lokacin kin tahi gaisuwar mutuwa garin su Malam Isa kin bar mini ita, ba ta daɗe da yaye ba.

Yarinya ta fara hitsari kamar an kwance salka. Duk zanen da na goya ta da shi sai na shanya. Na ce sanyi ne. Washegari leɓe ya bushe, ido ya faɗa, in na tsayar da ita sai ta zauna. Iya ta ce baki ne, a nemo turare. Gwaggo Hajo ta ce haƙori ne. Ni ina tsaye a ƙofar ɗaki da hantsi ina tunanin wa ya yi mana wannan, sai na ga Iya ta ɗora ta a cinya, ludayi a bakinta, tana cewa, "Sha, takwara, sha ki yi ƙarhi." Zuwaira, na buge ludayin daga hannun uwata. Tun da nike ban taɓa ɗaga hannu kusa da ita ba. Hura ta zube a zanenta, ta bi ni da kallo, ban tsaya bayani ba, na saɓi yarinya na yi likita.

Na tarar da ƙofa a kulle, suna yajin aiki, an ce albashi bai zo ba. Tun da anka yi taron nan na Yamai anka ce mulki ya dawo hannun talaka, ni dai abin da na gani ya dawo hannuna shi ne ƙofar likita a kulle. Allah ya saka wa ungozomar da ke bayan likitar, ita ta je har gida ta taso majo. Ya tambaye ni me ta ci, na faɗa mishi gaskiya. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya haɗa ruwan gishiri da sukari, ya ce in zauna in riƙa ba ta da ƙaramin cokali kaɗan-kaɗan, kada in gaji. Haka na wuni. Ya ce, "Inna, da kin ƙara kwana, da wata magana muke yi." Kika dawo kika tarar tana wasa, anka gaya miki, ba ki ce mini komai ba. Na gode miki da wannan shirun.

To kada ki sa maganin Iya a hura, ko kunu, ko miya, ko wani abin da ake miƙa wa wani. Ko ta ƙi sha, ko ta yi kuka, ko Malam Isa ya ce ai haka ya hi sauƙi. Kuma ni har yau ina zargin tun ranar farko ta ji ɗanɗanon ya sake, shi ya sa ta rage kurɓin ta ƙara miƙawa. Ba mugunta ba ce. A wurinta magani abu ne mai kyau, mai kyau kuwa ba ta cin shi ita kaɗai. Ta taɓa ba Gwaggo Hajo ƙwayar nan don ciwon kai, baiwar Allah ta wuni a makewayi tana salati. Saboda haka maganin ya zauna a akwatinki, mabuɗi a jikinki. Kada ki ba ta na sati ta riƙe. Guda za ki ciro, ki tsaya a kai.

Ita ma Uwani ki ji. Ke na yi wa ɗure kina ƙarama, yadda anka yi mana. In zazzaɓi ya kama ki, in jiƙa ƙwayar nibakin a ludayi, in matse ki tsakanin ƙafafuna, in toshe miki hanci, in kin buɗe baki neman iska in zuba. Wata rana ya bi ta wata hanya, kika shiɗe, idonki ya juye, sai da kakanki ya ɗaga ki ta ƙafa yana bubbuga bayanki. Ga shi har kin yi ɗiya in kin ga ƙwaya sai kin yi kakarin amai. Ni na sa miki wannan. Kada ki toshe wa yaro hanci, kada ki bari Iya ta yi, don za ta ce ke ba ki iya ba, miƙo ta nan. Ki ce to, ki ɗauki 'yarki ki shiga ɗaki.

In an rubuta wa Uwani magani, ki buɗe baki ki ce a ba ki na ruwa, siro, in akwai. Kada ki ji kunyar majo don yana magana da Faransanci a kanki. In babu sai ƙwaya, ki tambaya ana murƙushe wannan ko ba a yi, don majonmu ya ce mini akwai waɗanda ba a fasawa. In ana yi, ki kwaɓa da ɗan sukari da ruwa kaɗan a cokali ɗaya, abin da za ta haɗiye gaba ɗaya a gabanki, ba a kofi cike ba da za ta bar rabi. Ki zuba ta gehen kumatu tana zaune a cinyarki, ki bi da ruwa. In ta amayar nan take, ki koma ki tambaya kamin ki ƙara.

Siron ma ban yarda da shi duka ba. Yana da zaƙi, kuma zaƙin shi ne haɗarinsa. Wancan jan da anka ba ta na tari, na ce mata alewa ce don ta karɓa. Ta karɓa kuwa. Da la'asar na iske ta ta ja kujera tana miƙa hannu saman kwalla, Iya na zaune tana dariya tana cewa, "Ba ta mana, yarinya na so." Kada ki ce wa yaro magani alewa ne. Ki ce magani ne, sha, an gama. Ki auna da cokalin da ya zo da kwalbar, ba da na shayi ba, ba da ido ba. Wanda yake gari ana zuba mishi ruwa, da tafasasshen ruwa da ya huce za ki haɗa, kuma ba ya daɗewa a zahin nan namu, in kwanakin da anka ce sun cika ki zubar. Ni na aje saura don wani ciwon, na buɗe na ji yana tsami kamar tsohuwar gasara.

Kuma kada ki ga siro ya yi wa Uwani daɗi ki ce bari ki nemo wa Iya irinsa in tana tari. Na gwada. Ta kalli cokalin ta kalle ni ta ce, "Sai ki kawo majanyi ki goya ni." Tsoho in an ba shi abin yara gani yake an gama da shi. Ita mai ɗaci take so, yarinya mai zaƙi take so, kuma kowaccensu abin da take so shi zai iya cutar ta in kin bar ta da shi.

Sai masu tire. Kasuwar Gidan Rumji ta hi tamu girma, masu tallan magani a ka sun hi namu yawa da baki. Yanzu da likita ke yawan zama babu komai a kabad, su ke cin kasuwa. Suna kwasowa daga ƙetaren iyaka, rana na dukansa tun sahe, kafso mai ja da rawaya, ƙwaya mai hoton mutum riƙe da baya. Wanda ya kawo bai san karatun jikin ba, kamar ni. Iya na son su don ba su cewa kullum, cewa suke sha biyu ka miƙe. Wanda na hi tsoro shi ne mai allura, mai yawo da keke da 'yar jaka. A wurin Iya allura ita ce magani, sauran duk wasa ne. Ta dame ni har na kira wani ya yi mata a cinya. Wurin ya kumbura ya yi ruwa, sai da anka tsaga a likita, ta yi wata tana jan gindi. Da ta warke kin san me ta ce? Ta ce allurar ce ta jawo ciwon waje. Don haka in za ki kasuwa ko rijiya, ki gaya wa matan gidan kada su kira mata kowa, ko ta ce ke kika ce. Za ta ce ke kika ce.

Haka masu parti, 'yan siyasa. Kwanaki wata mota ta zo nan da lasifika da tuta, bayan jawabi sunka raba wa mata ƙwayoyi a ƙunshin takarda, wai taimako. Na tambayi yaron da ke rabawa na mene ne, ya ce na lahiya ne. Iya ta aiki wata ta karɓo mata ƙunshi, a cikin matashinta na same shi. Ban san ko na kirki ne ba, ban san ko na banza ne ba, na dai jefa a masai. Can za su hi zuwa, tun da zaɓe na matsowa. Su ba ki zane ki karɓa, su ba ki sabulu ki karɓa, abin haɗiya ki bar musu.

Na san za ki ce Inna ba ta yarda da kowa ba. Haka ne. Da na yarda, ga inda ya kai ni. Kuma na san halinki, in Iya ta ce miki "na sha, jikata," za ki sunkuyar da kai ki ce to. Ban ce ki yi mata rashin kunya ba. Ga abin da za ki yi, ba sai kin leƙa bakin kowa ba. Kullum da yamma ki ɗauko man shanu ki ce za ki matsa mata ƙafa, tana son wannan, har addu'a za ta yi miki. Kina cikin shafawa ki danna babban yatsanki a ƙaurinta, sama da idon sawu, ki ɗan riƙe, ki ɗaga. In wurin ya taso ya koma daidai, maganin na shiga. In ramin yatsanki ya zauna kamar a cikin tuwo, kuma gobe ya hi na yau, to ba ta sha, ko me ta ce miki. In kin ji ta daina iya kwanciya sai a jingine, ko tana haki daga ɗaki zuwa tsakar gida, kada ki tsaya gardama da ita, kada ki jira ranar kasuwa. Ki kai ta likita a ranar, in a kulle take ki tambayi gidan majo, sannan ki aiko mini da saƙo a duk motar da ta taso.

Za ta yi hushi da ke. Za ta ce kin zama uwarki, za ta ce a mai da ita Cadakori wurin akuyarta. Ki bari ta yi, hushinta ba ya kisa, ni na sha shi ga ni nan. Zuwaira, na ba ki tukwane na ba ki kwalla ban ji komai ba. Uwata ce ban taɓa ba kowa ba sai ke. Ina so in zo bayan girbi in tarar da ita tana zagina da bakinta.

Allah ya ba ta lahiya, ya raya Uwani, ya ba ki haƙuri da ido. Allah ya tsare ku daga abin da kunka sani da wanda ba ku sani ba, ya sa mu gana da alheri. Ki gaishe da Malam Isa. Ki gaishe da Iya, ki ce akuyarta na cin dusa.

Ni ce uwarki.